MIJINKI YANA INA?

Shafi na 23

Assalamu alaikum, 'yan gidan nan. Masu cika min akwatin saƙo tun da asuba da "ina ci gaba, ina ci gaba", na gan ku, kuma na yafe muku. Ke kuma da kika ce idan na bari wani abu ya samu cikin Houda sai kin biyo ni har gida, ki nemi wuri ki zauna, ni ma ba a hannuna abin yake ba.

Waɗanda suka shigo yau, ga inda muke. Greensboro ce, a Amurka, shekarar 2003. Houda matar Zakaria ce, cikinta ya tsufa, kuma ta yi ɓari har sau biyu kafin wannan. Abin da ta sani, mijinta yana Texas yana tuƙin babbar mota, shi ya sa ba ya zuwa gida, waya ma sai jefi-jefi. Gaskiyar magana kuwa, aikin sojan ruwa Zakaria ya shiga don ya samar mata inshorar asibiti, jirginsu yana can wajen da ake yaƙin Iraƙi. Kafin ya tafi ya sa yayansa Chaïbou da matar yayan, Hamsatou, suka dafa Alƙur'ani cewa ba za su gaya mata ba sai ta sauka lafiya. Mahaifin Houda soja ne, a arewacin Nijar aka kashe shi tana yarinya, har gobe ba ta iya kallon kaki. Su kuma Chaïbou da Hamsatou bizarsu ta daɗe da mutuwa, a ɓoye suke zaman ƙasar.

To mu je.

* * *

Duk wannan tafiyar Inna ce ta jawo ta. Inna, mahaifiyar su Chaïbou, tana can Damagaram ta aiko cewa kaset ɗin bidiyon da za a kai mata bana tana son ta ga teku a ciki, ta gaji da kallon falo da tukwane. Maƙwabcinsu Moutari zai tafi gida mako mai zuwa, shi zai riƙe mata. Kamfanin saƙa safa da Chaïbou yake wa aiki ya ba da hutun farkon Yuli, sai suka bar yara wurin maƙwabta a unguwarsu Glenwood, suka ɗauki hanyar Wilmington, garin bakin teku, su uku.

Bakin ruwan farko da suka tsaya, Chaïbou ko motar bai kashe ba.

"A'uzu billahi! Wannan zan ɗauka in kai wa Inna? Mata tsirara?"

"Ba tsirara suke ba, Yaya, akwai ɗan ƙyalle," in ji Houda daga baya, tana ƙunshe dariya.

"Ƙyallen da ko hancina ba zai share ba? Inna da maƙwabta take kallon kaset, har liman sai an kira. So kike a ce Chaïbou ya lalace a Amurka?"

Ya ja mota. Suka yi ta bin titin da ke gefen ruwa har gidaje suka ƙare, suka iso wani wuri mai itatuwa karkatattu, da wasu tuddai na ƙasa da ciyawa ta lulluɓe. Mutane ba su da yawa. A kan tudu ɗaya ga wata ƙatuwar igwa baƙa, bakinta yana kallon teku.

"Yauwa! Bon, nan ne wurin mutunci," in ji Chaïbou.

Hamsatou tana fitowa idonta ya sauka a kan allon da ke bakin shiga. Zanen jiragen yaƙi ne jere a kan ruwa, suna aman wuta. Ta matso kusa da mijinta, ta yi ƙasa da murya.

"Baban Chamsou, mu bar wurin nan."

"Saboda me?"

"Ba ka ga allon ba? Wurin sojan ruwa ne. Duk faɗin bakin teku ka rasa inda za ka kawo yarinyar nan sai nan?"

"Haba, tsohon yaƙi ne, tun kakannin kakanni. Me ya haɗa shi da mu? Ke dai ki iya bakinki."

Ni da nake ba ku labari na ce, ai da ma kansa ya yi wa wannan nasihar.

Ya gyara zaman hularsa, ya karkaɗe farar shaddar da ya sha tun daga gida don Inna ta ga bai yar da kayan mutane ba, ya rataya kyamara ya yi gaba.

Houda kuwa tana tsaye ta dafe ƙugu, ta saki baki. Ranar da suka zo ƙasar barci ta yi ta yi a jirgi, yau ne ta fara ganin teku da idonta.

"Tanti, wannan duk ruwa ne?" ta tambayi Hamsatou, haka take kiranta.

"Duk ruwa ne."

"Ina ƙarshensa?"

"Sai can wajenmu, in ji su."

"La ilaha illallahu. Ni kam tsoro yake ba ni. Ji yadda yake huci."

Suna nan tsaye wani tsohon Bature ya ƙaraso, yana dogara sanda, da shuɗiyar hula mai zanen jirgi a goshi. Ya ce sunansa Bernard, yana zuwa ne kawai don ya zagaya da baƙi, ba biyansa ake ba. Hamsatou ta amsa masa, don shekarun da ta yi tana kitso a shago sun sa Turanci ya zauna a bakinta. Houda ba ta daɗe da fara ajin koyon Turanci ba, abin da ta iya bai wuce sunanta da unguwarsu da aikin mijinta ba, amma duk inda ta samu dama sai ta gwada.

"My name is Houda," ta faɗa da ƙarfi.

Tsohon ya yi murmushi, ya ɗan rusuna mata. Sai ya fara bayani, a hankali, yana nuni da sandarsa. Tuddan nan ganuwa ce da aka tara da hannu lokacin da Amurkawa suka yaƙi junansu. Jiragen ruwa suka yi layi a can, suka yi ta ruwan wuta a kan wurin har ya faɗi.

Hamsatou ta fassara.

Ya ci gaba. Ya ce wancan a littafi ya karanta, amma yaƙin duniya na biyu da idonsa ya gani. Yana yaro a nan gaɓar, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka riƙa nutsar da jiragen kaya. Daga ƙofar gidansu suna hango wuta tana ci a kan teku. Da safe sai a tarar da baƙin mai ya ɓata yashi, ga takalma, ga huluna, wani lokaci har da masu takalman. Ya ce abin da ya sa da ya girma shi ma ya shiga sojan ruwa ke nan.

Hamsatou ta taƙaita fassarar.

"Ya ce an yi wani yaƙin ma daga baya."

Houda ta harare ta.

"Tanti, mutumin nan ya yi magana mai tsawo, har idonsa ya kawo ruwa, ke kuma kin ba ni guntuwa. Me ya ce?"

"Ba abin da mai ciki za ta ji ba ne."

"Ni dai gaya mini."

Dole ta gaya mata, tana yi tana ragewa. Houda ta ɗora hannu a kan cikinta, tana kallon ruwan.

"Allah sarki matansu. Wallahi Tanti, da in auri mai wannan aikin gara in mutu ba aure. Mu ko ba komai an kawo mana Baba, mun gan shi, an yi masa sutura. Waɗannan fa? Mace ta zauna tana jira, kifi ya riga ya gama da mijinta."

"Ki daina irin wannan maganar."

"Alhamdu lillahi ni nawa yana kan tudu. Ko taya ce ta fashe, ya sauka ya gyara."

Hamsatou ta ji kamar ta kurma ihu. Tausayin yarinyar ya kama ta, haushin Zakaria ya kama ta, haushin kanta ma ya kama ta da ta yarda ta dafa Littafin Allah a kan wannan abu. Ta kama hannun Houda.

"Ƙafafunki sun kumbura. Zo ki zauna a inuwa."

Ta zaunar da ita a kan wani benci ƙarƙashin itatuwa, ta ba ta ruwa, ta tafi neman mijinta.

Shi kuwa gogan naku aiki ya kankama. Ya ɗauki igwa, ya ɗauki tuddai. Ya juya zai ɗauki teku ke nan sai ga wasu 'yan mata uku sun ratso da irin ƙyallen nan. Ya yi maza ya kawar da kyamara. Ya jira suka wuce, ya sake ɗagawa, sai ga wata ta shimfiɗa tawul ta kwanta daidai inda yake auna.

"Kai, wannan wace irin jaraba ce!"

Sai ya ba teku baya gaba ɗaya, ya zagaya ta ɗaya gefen, inda wani babban kogi yake shiga cikinsa. Can babu mai wanka. Ruwa ne dai, Inna ba za ta bambance ba. Ya shimfiɗa darduma ya yi azahar, ya tashi ya ci gaba da ɗauka, yana magana da ƙarfi yadda tsohuwa za ta ji.

"Inna, ga shi nan, kin ce teku, ga teku. Ga wani jirgi can yana ɗauke da motoci a cikinsa, motoci fa Inna! Allahu akbar! Bari in jawo miki can tsallake. Kin ga waɗancan dogayen ƙarafan? Da su ake loda kaya. Ga wani jirgi toka-toka a gindinsu. Allahu akbar, ikon Allah!"

Hamsatou ta iso daidai lokacin da wata Baturiya mai jan kare take tsaye nesa kaɗan, waya a kunne, idonta a kan Chaïbou. Suna haɗa ido matar ta juya da sauri.

"Baban Chamsou, kashe abin nan."

"Saura kaɗan. Zo ki gaida Inna."

"Na ce ka kashe! Matar can waya take yi a kanka."

"A kaina? Na ci mata wani abu ne?"

"Don girman Allah mu tafi."

Sun kama hanyar mota ke nan, ba su kai ba, motar 'yan sanda ta shigo ba jiniya, ta tsaya daidai bayan tasu ta toshe ta. Mutum biyu suka fito, wani dogo mai baƙin tabarau da wata mace. Dogon ya ɗaga hannu.

"Malam, ajiye kyamarar a ƙasa. A hankali."

Da Turanci ake maganar, ni ce nake juya muku.

Chaïbou ya ajiye.

"Me kake ɗauka?"

"Teku. Saboda mahaifiyata. Tana Afirka, ba ta taɓa gani ba."

Ɗan sandan ya ɗauki kyamarar, ya buɗe ɗan gilashinta, ya mayar da kaset baya. Su duka suna jin muryar Chaïbou tana fita ƙarama. Hausa, Hausa, sai "Allahu akbar" ta fito tar. Ɗan sandan ya ɗago ya dube shi, ya mayar da kai. Can kuma ta sake fitowa.

Hamsatou ta runtse ido. Kalmar da suke faɗa in sun ga jariri kyakkyawa, in sun ga ruwan sama, yau ita ce take neman kai su ƙasa.

"Ka ce teku ka zo ɗauka."

"Eh."

"Teku yana can. Kai kuma ka ba shi baya. Na ga igwa, na ga jirgin fito, na ga ka jawo tsallaken kogi ka daɗe a kai. Ka san mene ne a tsallaken nan?"

"A'a."

"Wurin soja ne. Nan ake loda makamai."

Chaïbou ya nuna gefen teku.

"Wallahi ban sani ba! Mata ne a can gefen, ba kaya a jikinsu. Mahaifiyata tsohuwa ce, ba za ta kalli wannan ba. Shi ya sa na juya."

Ɗan sandan ya cire tabarau ya kalle shi da kyau.

"Ka yi tafiya tun daga ina?"

"Greensboro."

"Ka taso tun daga Greensboro don ka ɗauki teku, ka zo ka ƙi ɗaukar teku saboda mata suna wanka."

"Eh, haka ne."

Gaskiya ce tsagwaronta, amma ku da kanku ku saurare ta da kunnen Bature, a shekarar da kowa yake zargin inuwarsa.

"Ba ni lasin."

Ya ba shi. Ɗan sandan ya duba gaba, ya duba baya.

"Wace ƙasa?"

"Nijar."

"Fasfo ko girin kad, katin izinin zama?"

Chaïbou ya dubi Hamsatou.

"Malam, na tambaye ka."

"Yana gida."

"Wanne daga ciki?"

Chaïbou ya sunkuyar da kai. Ɗan sandan ya dubi abokiyar aikinsa, ya kai hannu kan oba-obar da ke kafaɗarsa.

"Ba ni zan yanke wannan ba. Akwai waɗanda aikinsu ke nan, zan kira su daga gari su zo su yi muku tambayoyi."

Hamsatou ta san irin waɗannan tambayoyin. Mutum biyu ta sani a masallacinsu da aka tafi da su don a yi musu tambayoyi, matansu har yanzu sai dai su gan su ta bayan gilashi. Ta tuna Chamsou da ƙanwarsa, da ta ce musu kafin magariba sun dawo. Ta waiwaya. Houda tana can kan benci, ta miƙe wuya tana leƙe, amma ta yi nisan da ba za ta ji ba.

Hamsatou ta yi wa mijinta magana da Hausa, da sauri, ba ta ko motsa leɓe sosai.

"Gaya masa maganar Zakaria."

"Ke! Na dafa Alƙur'ani."

"Cewa muka yi ba za mu gaya wa Houda ba. Wannan ƙaton Houda ne?"

"Hamsatou…"

"In ba za ka faɗa ba ni zan faɗa."

"Turanci kawai," in ji ɗan sandan, ya ɗaga murya. "Kada in ƙara jin wani yare."

Hamsatou ta yi ta maza, ta tako gaba.

"Yallaɓai, mu ba mugaye ba ne. Ƙanen mijina, uwa ɗaya uba ɗaya, sojan ruwanku ne. Yanzu haka yana can wajen yaƙi. Mutumin da ƙanensa yake cikin jirginku zai zo ya cuci jirginku?"

Hannun ɗan sandan ya tsaya a kan oba-oba.

Ashe tsohon nan Bernard ya lallaɓo yana tsaye a gefe tun ɗazu. Ya matso da sandarsa.

"Wane jirgi ne, ɗana?"

Chaïbou ya saci kallon benci, sannan ya faɗi sunan jirgin ƙasa-ƙasa.

"Daga ina suka tashi?"

"Norfolk. Cikin sanyi, farkon shekara."

"Me yake yi a ciki?"

"Wajen inji yake. Ya ce can ƙasa ne, zafi kamar gidan burodi, sai su yi kwanaki ba su ga rana ba."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya, ya girgiza kai.

"Ni ma a nan na yi nawa." Ya juya wajen ɗan sandan. "Wannan ba abin da mutum zai ƙaga ba ne a tsaye. Kuma na yi hira da matan nan ɗazu, mutanen kirki ne."

Ɗan sandan ya sauke hannu daga kafaɗa. Fuskarsa ta ɗan saki. Ya dubi lasin, ya dubi Chaïbou, ya fara miƙo masa.

"Da ka faɗa tun farko. Kaset ɗin zan riƙe, amma ku…"

Ya tsaya, yana kallon bayan Hamsatou.

"Waccan fa, mai cikin? Tare kuke?"

Wayyo Chaïbou! Mutum ya ga ya tsallake, daɗi ya kwance masa harshe. Kafin Hamsatou ta buɗe baki ya riga ta.

"Ai matarsa ce! Matar sojan ke nan."

Da harara tana kisa, da a nan Hamsatou ta zama bazawara.

"Matarsa?" in ji tsohon, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. "Kuma ba ku gaya mini ba ina ta ba ta labarin jiragen da suka nutse?"

"Madalla," in ji ɗan sandan. Lasin da ya miƙo ya koma cikin tafinsa. "Tambaya ɗaya zan yi mata, ku kama hanya."

"Ba ta jin Turanci," Hamsatou ta faɗa da sauri. "Ni zan fassara mata."

"A'a. Ke kin yi naki."

"Yallaɓai, akwai abin da ya kamata ka sani tukuna, ita…"

Houda ce a bayanta, ta taso daga benci tana tafe tana haki, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da girin kad ɗinta ta ɗaga shi sama.

"Tanti, papiye suke nema, takardu? Ga nawa, ki ba su. Ki ce gida ɗaya muke, ko zai taimaki Yaya."

Baiwar Allah. Ita ta zo ceto ne.

'Yar sandan ta shiga tsakaninsu, ta ɗora yatsa a leɓe tana kallon Hamsatou. Dogon ya karɓi katin, ya duba, ya mayar mata da ladabi. Ya rage tsawo, ya yi magana ɗaya bayan ɗaya kamar mai koya wa yaro.

"What is your name?"

Fuskar Houda ta washe. Wannan ai ta sani.

"My name is Houda."

"Your husband. What is his name?"

"Zakaria."

Ɗan sandan ya gyaɗa kai. Ya yi daidai.

Hamsatou tana ta ƙifta mata ido, tana girgiza kai a hankali. Houda ta gani, ta ɗauka cewa ake kada ta ji tsoro. Ta mayar mata da murmushi, irin na "bar ni da shi".

"Where is your husband?"

Ta gyara tsayuwa. Jimlar da ta fi kowace iyawa ke nan, ita malamarsu take yaba mata a aji.

"My husband is in Texas. He is truck driver."



Ɗan sandan ya haɗe gira. Ya nuna hular da ke hannun tsohon, ya nuna zanen jirgin.

"Not Navy? Ship? Soldier?"

Kalmar ƙarshe ta gane ta sarai. Murmushin ya ɗauke, ta ja da baya kamar an watsa mata ruwan zafi.

"No! No soldier. Never. Truck."

Har da kwatanta sitiyari da hannu biyu.

Tsoho Bernard ya dubi Chaïbou, kallon mutumin da aka ci amanarsa. Ya mayar da hularsa a kai.

Ɗan sandan ya miƙe tsaye sosai. Ya sa lasin a aljihun gaba.

"Juya, malam. Hannu a baya."

"Ba ta sani ba ne!" Hamsatou ta fasa ihu da Turanci. "Wallahi ba ta sani ba! Ɓoye mata muka yi saboda cikin!"

"Matarsa ba ta san yana soja ba, amma ke kin sani."

"Eh!"

"Shi ya zo ɗaukar teku bai ɗauki teku ba, ita kuma mijinta yana yaƙi ba ta sani ba. Ya isa haka. Ku ajiye sauran bayanin ga waɗanda za su zo."

Ankwa ta yi ƙara a hannun Chaïbou. Hularsa ta faɗi a yashi, babu wanda ya ɗauka. Ana tura shi wajen mota yana waiwaye, hawaye yana bin gemunsa, kuma abin mamaki ba kansa yake roƙa wa ba.

"Hamsatou, kada ki gaya mata! Bari su tafi da ni. Amana ce, kada ki gaya mata!"

Da Hausa ya faɗa. Da ƙarfi. A gaban Houda.

Aka rufe ƙofar mota.

Houda ta tsaya riƙe da katinta. Ta dubi motar, ta dubi tsohon, ta juyo a hankali.

"Tanti, me na faɗa ba daidai ba?"

"Ba komai. Zo ki zauna."

"Kada a gaya wa wa?"

"Houda, zo ki zauna, kin ga halin da kike ciki."

"Ba zan zauna ba. Me ya sa ya tambaye ni soja? Me ya haɗa Zakaria da soja?"

Hamsatou ta kama hannunta, ta fizge.

"Da ya zo hutu kansa a aske ƙwal, ya ce zafin Texas ne. Na yarda. In ya kira sai in yi magana, a daɗe kafin ya amsa, ya ce layin can ne. Na yarda. Na ce ya turo mini hotonsa da motar, ya ce kamfani ya hana. Wannan ma na yarda, Tanti. Duk abin da kuka ce mini na yarda."

"Ki yi wa Allah ki bar maganar nan sai mun je gida."

"Wane gida? An tafi da Yaya saboda bakina! Ki dube ni."

Hamsatou ta kasa.

"Tanti, tun da na zo ƙasar nan ke ce uwata. Ke kika riƙe ni a asibiti sau biyu. Ki dubi idona ki ce mini Zakaria yana Texas, wallahi zan yarda."

Rantsuwa ta danne wa Hamsatou harshe, ƙarya kuma ta ƙi fitowa. Ta girgiza kai.

Houda ta dafe ƙasan cikinta da hannu biyu. Muryarta ta koma ƙarama.

"To yana ina?"



Hamsatou ta ɗaga hannu, ta nuna mata teku.